Idan Kwafin Ajiyar PostgreSQL Ya Ƙi Fita: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Wata safiya aka kira ni wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Diskin sabar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ya fara ƙara, wasu shafukan manhajar sun daina buɗewa. Yaron da ke kula da kwamfutocin wurin ya tarbe ni hankalinsa kwance, ya ce, "Oga, ba damuwa, kullum ƙarfe biyu na dare ana ɗaukar kwafi." Ya buɗe min foldar. Ga fayiloli a jere, kowanne da kwanan watansa, babu ranar da aka tsallake. Na ce masa ya buga `ls -l` mu ga nauyinsu. Ya buga, ya yi shiru. Na jiya bayit 20, na shekaranjiya bayit 20, haka har kusan wata biyu baya. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Bayit 20 shi ne nauyin abin da `gzip`, shirin matse fayil, yake fitarwa idan ba a ba shi komai ba. Umarnin da aka rubuta musu shi ne `pg_dump asibiti | gzip > kwafi.gz`. An canza kalmar sirrin rumbun bayanan, `pg_dump`, shirin da ke ɗaukar kwafin, ya daina samun shiga, shi kuwa `gzip` ya ci gaba da naɗe iska yana ajiyewa da suna mai kyau. Allah ya taimaka diskin bai mutu gaba ɗaya ba ranar, muka kwashe bayanan. Amma na daɗe ina tuna fuskar yaron nan, domin ba sakaci ya yi ba, abin da takardar da aka bar masa ta ce ya duba shi yake dubawa.

Wannan jagorar ta wanda kwafinsa ya ƙi ce, ko wanda yake zargin ya ƙi. Misalaina na PostgreSQL ne, manhajar rumbun bayanai, a kan Linux, amma tsarin binciken zai yi maka aiki a MySQL da sauransu.

Kafin ka taɓa komai

Tsayar da duk abin da ke share tsofaffin kwafi. Sikirif da yawa suna da layi irin `find /ajiya -mtime +7 -delete` wanda ba ruwansa da ko sabon kwafi ya fita ko bai fita ba. Idan matsalar ta kwana bakwai, ya cinye duk masu kyau ya bar maka fanko. Sa alamar `#` a gaban layin, sannan ka nemo kwafi na ƙarshe mai nauyi na gaske ka kai shi wata na'ura daban. Bayan haka, idan rumbun yana amsawa, ɗauki kwafi da hannunka yanzu-yanzu, ko da hanyar ba ta da kyan gani. Bincike zai iya cin yini, kuma bai kamata ka yi yinin nan babu abin da za ka koma wa ba.

Mataki na ɗaya: ka sa matsalar ta yi magana

Akasarin kwafin da ke lalacewa a shiru yake lalacewa. Saƙon kuskuren yana fita, sai dai babu inda yake sauka. `cron`, shirin da ke tada ayyuka a lokacin da aka tsara musu, yana tura abin da aiki ya faɗa ta imel na cikin na'ura, idan kuma ba a girka mai aika imel ba, a Ubuntu za ka ga ya rubuta `No MTA installed, discarding output`, wato ya zubar da saƙon. Don haka tambayar farko ita ce: aikin ya tashi ma kuwa? A Debian da Ubuntu duba `journalctl -u cron`, a dangin Red Hat duba `/var/log/cron`.

Idan bai tashi ba, dalilai uku na fi gani. Na farko, alamar `%` a cikin layin crontab tana nufin sabon layi, saboda haka `date +%F` zai yanke umarnin a tsakiya sai an rubuta `\%F`. Na biyu, a Debian da Ubuntu duk fayil ɗin da aka sa a `/etc/cron.daily` mai ɗigo a sunansa, kamar `kwafi.sh`, tsallake shi ake yi. `run-parts --test /etc/cron.daily` zai nuna maka waɗanda za su gudana. Na uku shi ne namu na gida: na'urar tana kashe a lokacin. Idan an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare, batirin inbata ya ƙare, aka tada janareta da safe, `cron` ba ya rama aikin da ya wuce shi. Ga ofishin da sabarsa ba ta kwana a kunne kullum, ƙarfe biyu na dare mummunan lokaci ne. Ko dai ka mayar da aikin lokacin da ka tabbata akwai wuta, ko ka yi amfani da mai ƙidayar lokaci na systemd da `Persistent=true`, wanda ke gudanar da aikin da aka rasa da zarar na'ura ta tashi.

Idan kuma ya tashi, gudanar da shi da hannu, amma a irin yanayin da `cron` ke ba shi. Nan mutane ke ruɗewa, su ce "ai da na buga da kaina ya yi". Ya yi domin kai kana da naka `PATH` mai faɗi, da naka `HOME`, da kalmar sirrin da ke ajiye a gidanka. Shi `cron` yawanci `/usr/bin:/bin` kawai yake bayarwa. Kwaikwaye shi haka:

```
sudo -u postgres env -i HOME=/var/lib/postgresql PATH=/usr/bin:/bin \
  /bin/sh -c /usr/local/bin/kwafi.sh
echo $?
```

Lambar da `echo $?` ta fitar ita ce lambar fita: sifili nasara, kowace lamba daban kuskure. Sai dai a umarnin da aka haɗa da `|`, lambar ta umarni na ƙarshe ce kawai. Abin da ya ci asibitin nan ke nan. Maganinsa `set -o pipefail` a saman sikirif, kuma layin farko ya zama `#!/bin/bash`, domin `/bin/sh` na Debian da Ubuntu wata manhaja ce daban mai suna dash. Mafi sauƙi ma shi ne ka bar haɗin gaba ɗaya, ka yi `pg_dump -Fc -f fayil`, tunda wannan tsarin yana matse bayanan da kansa.

Mataki na biyu: karanta saƙon, layin farko tukuna

Kuskure ɗaya yakan haifi goma a bayansa. Fara da na sama. Ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su, da abin da ke ƙarƙashin kowanne.

*Sigogi sun saɓa.* Saƙon yana cewa `aborting because of server version mismatch`, yana kuma nuna sigar sabar da ta `pg_dump`. Ƙa'idar ita ce `pg_dump` yana iya ɗaukar kwafin sabar da ta girme shi, amma yana ƙin taɓa wadda babbar sigarta ta fi tasa sabunta. PostgreSQL na fitar da babbar siga kowace shekara, don haka duk wanda ya ɗaga sabarsa daga 14 zuwa 16 ya manta na'urar da ke ɗaukar kwafi, ya shiga wannan rami. Gwada `pg_dump --version` a ƙarƙashin mai amfanin da ke gudanar da aikin, ka kwatanta da `SHOW server_version;`. A Debian, `/usr/bin/pg_dump` ba shi ne ainihin shirin ba, ɗan aike ne da ke zaɓar siga daga waɗanda aka girka, don haka ka rubuta cikakkiyar hanya kamar `/usr/lib/postgresql/16/bin/pg_dump`. A Red Hat tana `/usr/pgsql-16/bin`.

Kada wani ya ɗauka wannan kuskuren ƙananan ofisoshi ne. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu gina manhaja ayyukansu, ya share foldar bayanai a kan babbar sabarsu bisa kuskure, kimanin gigabayit 300, aka tsira da kusan 4.5 kacal. Da suka juya ga kwafinsu sai suka tarar ma'ajiyar fanko ce: `pg_dump` na siga 9.2 ake gudanarwa a kan rumbun siga 9.6, yana ƙi, saƙonnin imel da ke sanar da kuskuren kuma ana mayar da su saboda ba su cika sharaɗin DMARC na tantance mai aika imel ba. Abin da ya cece su wani hoton diski ne da aka ɗauka kimanin sa'o'i shida kafin abin ya faru don aikin gwaji, suka kuma rasa bayanan sa'o'in nan shida. Su da kansu suka wallafa bayanin dalla-dalla. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

*An hana shiga.* `password authentication failed`, ko `no password supplied`, ko `Peer authentication failed`. Fayil ɗin `.pgpass` yana da sharuɗɗa da ba ya yafewa. Dole izininsa ya zama `0600`, in ba haka ba a yi watsi da shi. Dole ya kasance a gidan mai amfanin da ke gudanar da aikin, ba a naka ba. Layinsa `sunan-saba:tasha:rumbu:mai-amfani:kalmar-sirri` ne, kuma ana kwatanta sunan sabar harafi da harafi: idan ka rubuta `localhost` a ciki amma umarninka ya ce `-h 127.0.0.1`, ba su haɗu ba. Idan kalmar sirrin na ɗauke da `:` ko `\`, sai an sa `\` a gabansu. Shi kuwa kuskuren `Peer` yana nufin ka shiga ta soket na cikin na'ura, sabar ta kwatanta sunanka na Linux da sunan da ka nema a rumbun, suka bambanta. Buɗe `pg_hba.conf` ka karanta daga sama. Layin farko da ya dace da haɗinka shi ke yanke hukunci, na ƙasa ba su da ta cewa. Ka kuma ƙara `-w` a umarninka don kada ya tsaya jiran kalmar sirri daga mutumin da ba ya nan.

*An shiga amma an hana karatu.* `permission denied for table`. Wannan yakan ɓullo ne bayan masu gina manhaja sun ƙara sabon tebur ba a ba mai ɗaukar kwafi izini a kansa ba. Daga siga 14 akwai matsayi na musamman, `GRANT pg_read_all_data TO mai_kwafi;`, da ke rufe wannan ƙofa. Sai dai ba ya tsallake tsaron layi-layi, wato wanda ke ɓoye wa mai amfani wasu layukan tebur. Idan akwai tebur mai irin wannan tsaro, `pg_dump` zai tsaya da ƙorafi sai mai amfanin yana da `BYPASSRLS`. Tsayawar alheri ce, ta fi a ba ka rabin tebur ba ka sani ba.

*Wuri ya cika.* `No space left on device`. Duba `df -h`, sannan `df -i`, domin diski na iya samun sarari amma ƙananan fayiloli sun cinye gurabensa. Idan abin da ya cika diskin foldar `pg_wal` ce, inda sabar ke rubuta kowane canji a fayilolin WAL, ina roƙonka kada ka share komai a ciki. A da sunanta `pg_xlog`, aka canza shi a siga 10 ta 2017 saboda mutane suna ganin kalmar log a ciki su ɗauka tarkacen rahoto ne su share, rumbunsu ya lalace. Taruwar fayilolin nan, kowanne megabayit 16 a tsarin asali, alama ce ta wani abu a baya. Buga `SELECT * FROM pg_stat_archiver;` ka duba `failed_count` da `last_failed_time`; idan `archive_command` yana ƙi, sabar ba ta zubar da fayil har sai ta yi nasarar ajiye shi. Ka kuma duba `pg_replication_slots` ko akwai gurbin da wata sabar da aka daɗe da kashewa ta bari yana riƙe su.

*Haɗi ya yanke.* `server closed the connection unexpectedly` ko `SSL SYSCALL error: EOF detected`. Abu biyu ne galibi: ko an kashe aikin a ɓangaren sabar, ko hanya ta tsinke. Duba `dmesg` ko akwai `Out of memory: Killed process`, lambar fita 137 ma tana nuna an kashe aikin da ƙarfi. Idan kuma kana jan kwafi daga wata ƙasa ta intanet ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa, canza tsarin: ɗauki kwafin a kusa da sabar, sannan ka jawo fayil ɗin da `rsync --partial`, wanda ke iya ɗorawa daga inda ya tsaya. `pg_dump` ba ya ɗorawa, daga farko yake komawa. Ka kuma tabbata tasha 5432 ta sabar kake nufa kai tsaye, ba 6432 ta PgBouncer, mai shiga tsakanin manhaja da sabar, ba.

*Kwafi daga sabar jiran gado, wato wadda ke kwafar canje-canjen babbar saba don ta maye gurbinta.* `canceling statement due to conflict with recovery`. Babbar saba ta share tsofaffin layukan da kwafinka yake karantawa, ita ta jiran gadon tana jira daƙiƙa 30 a tsarin asali, sai ta yanke ka. Ko ka ƙara `max_standby_streaming_delay`, ka yarda ta riƙa yin baya yayin kwafi, ko ka kunna `hot_standby_feedback`, ka yarda tebura su ɗan kumbura a babbar. Idan ita ce za ta karɓi aiki ranar da babbar ta faɗi, ni na fi son hanya ta biyu.

*Ya tsaya cik, babu saƙo.* Makulli ne. `pg_dump` yana riƙe kowane tebur da makulli mafi sauƙi, wanda ba ya hana karatu ko rubutu, amma yana karo da `ALTER TABLE` da `VACUUM FULL`. Duba `pg_stat_activity` ka ga wa ke jiran wa. Sa `--lock-wait-timeout` don ya faɗi da saƙo maimakon ya kwana yana jira, ka kuma naɗe aikin da `flock -n` don kada na yau ya hau kan na jiya.

*Bayanan kansu sun lalace.* `invalid page in block` ko `missing chunk number 0 for toast value`. Nan ka dakata. Wannan ba matsalar kwafi ba ce, kwafin ne ya tono ta, tunda shi ke karanta kowane layi har waɗanda aka shekara ba a taɓa ba. Tsayar da sabar, kwafi foldar bayanan gaba ɗaya zuwa wani diski, duba lafiyar diskin da `smartctl`, sannan duk gyaran da za ka gwada ka gwada shi a kan kwafin. Za ka ga ana ba da shawarar kunna `zero_damaged_pages`. Abin da yake yi shi ne zubar da shafin da ya lalace da duk layukan da ke ciki.

Masu amfani da Docker su lura da abu ɗaya: `docker exec -it` a cikin `cron` zai ce `the input device is not a TTY`, kuma `-t` ɗin na iya canza ƙarshen layuka ya ɓata fayil ɗin. Cire shi. A Windows kuma, `>` na tsohon PowerShell yana mayar da rubutu UTF-16, don haka `-f` za ka yi amfani da shi.

Mataki na uku: idan takardun bayani suka ƙara ɗaure maka kai

Takardun PostgreSQL suna cikin mafi kyau da na sani, amma an rubuta su ne don su zama daidai, ba don mutumin da maigidansa ke tsaye a kansa ba. Abu na farko, duba lambar sigar da ke cikin adireshin shafin. Injin bincike yakan kai ka shafin tsohuwar siga, ka kwashe sa'a kana neman zaɓin da aka canza. Abin da `pg_dump --help` ya nuna a na'urarka shi ne gaskiyar shirin da ke hannunka. Na biyu, gangara ƙasan shafin zuwa sashen `Notes`. Gargaɗin da ke cizo can suke, bayan dogon jerin zaɓuɓɓuka inda idon mutum ya riga ya gaji.

Na uku shi ne wanda na fi dogara da shi: duk jimlar da za a iya fahimta ta hanya biyu, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi, gwada ta. Ƙirƙiri rumbu mai tebur ɗaya da layi uku a kwamfutarka, ka ga abin da umarnin zai yi. Gani ya kori ji. Ga misalin da ya sa nake nanata wannan. Mutum ya ga `pg_restore -C -d gwaji kwafi.dump`, hankalinsa ya ba shi cewa za a ƙirƙiri rumbu mai suna `gwaji` a zuba bayanan ciki. Ba haka ba ne. Idan akwai `-C`, sunan da ke bayan `-d` ƙofar shiga ce kawai; rumbun da za a ƙirƙira shi ne mai sunan da ke cikin kwafin. Idan ka ƙara `-c` a kai, za a fara rushe rumbu mai wannan sunan a sabar da ka haɗu da ita. Wanda ya buga haka a kan sabar aiki yana zaton gwaji yake yi, ya mayar da kamfaninsa daren jiya da hannunsa. Bayanin yana nan a takardar, jimla biyu ne, amma sai wanda ya riga ya sani yake ganin nauyinsu. Gwajin minti biyar a kan rumbun wasa zai nuna maka shi ƙarara.

Akwai ƙananan tarko irin wannan. `-W` ba ya karɓar kalmar sirri, tilasta tambayarta yake yi. `-p` tasha ce a nan, alhali a MySQL kalmar sirri ce. `-j` a `pg_dump` yana aiki ne da tsarin folda `-Fd` kawai. `-t` yana ɗaukar teburin da ka ambata ba tare da abubuwan da ya dogara da su ba. Sannan babban abin da ake mantawa: `pg_dump` na rumbu ɗaya ne, ba ya ɗaukar masu amfani da matsayinsu, sai ka haɗa da `pg_dumpall --globals-only`.

Idan za ka tambayi wanda ya fi ka sani, kawo masa sigar sabar, sigar shirin, umarnin kamar yadda ka buga shi, da saƙon kuskuren cikakke a rubuce, bayan ka goge kalmar sirri da sunayen mutane. "Kwafi ya ƙi" ba tambaya ba ce da wani zai iya amsawa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya faɗi inda yake tsaye. Idan kuma ka tabbatar jimlar takardar ce ke da matsala, a ƙasan kowane shafi akwai hanyar aika gyara.

Takardun cikin gida su ne suka fi muni, kuma mu ke rubuta su. Ta asibitin nan layi ɗaya ce: "A duba foldar ajiya kullum a tabbatar akwai kwafi." Akwai kwafi kuwa. Da an rubuta "a tabbatar nauyinsa bai gaza na jiya ba", da yaron ya gano tun kwana na farko. Idan za ka rubuta taka, ka faɗi na'urar da za a shiga, da sunan wa, cikakken umarnin, abin da ya kamata a gani idan ya yi, da wanda za a kira idan bai yi ba. Sannan ka miƙa wa wanda bai taɓa yin aikin ba ya bi, kai kana zaune bakinka a rufe. Duk inda ya ɗago kai ya kalle ka, nan takardar ta gaza, sai ka gyara wurin.

Mataki na huɗu: gyara sikirif ɗin yadda ba zai ƙara ɓoye maka ba

```
#!/bin/bash
set -euo pipefail
BIN=/usr/lib/postgresql/16/bin
WURI=/ajiya/pg
F="$WURI/rumbu-$(date +%F).dump"

$BIN/pg_dump -h 127.0.0.1 -U mai_kwafi -w -Fc \
  --lock-wait-timeout=60000 -f "$F.tmp" rumbu
$BIN/pg_restore -f /dev/null "$F.tmp"
mv "$F.tmp" "$F"
find "$WURI" -name 'rumbu-*.dump' -mtime +14 -delete
date > "$WURI/nasara-ta-karshe"
```

Tsarin layukan shi ne dabarar. Fayil ba ya samun sunansa na gaske sai ya kammala. Layin `pg_restore -f /dev/null` yana karanta kwafin daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa wani rumbu ba, don haka zai kama wanda ya yanke a tsakiya. `pg_restore -l` da ake yawan ba da shawara jerin abubuwan ciki kawai yake karantawa. Sharewa tana zuwa bayan nasara, kuma saboda `set -e` ba za a iso ta ba idan wani abu ya faɗi a sama. Idan kwafinka na rubutun SQL ne zalla, nemi jimlar `PostgreSQL database dump complete` a layuka goma na ƙarshe. Kada ka ce lallai ita ce layin ƙarshe, domin sigogin da suka fito daga Agustan 2025 suna ƙara `\unrestrict` a bayanta.

Game da sanarwa, juya tunanin. Saƙon da ke zuwa idan an samu kuskure ba zai zo ba idan na'urar ta mutu ko imel ya maƙale, kamar yadda ya faru da GitLab. Sa wata na'ura daban ta riƙa duba fayil ɗin `nasara-ta-karshe`, ta yi ƙara idan ya wuce sa'o'i 26 ba a sabunta shi ba. Kwafi kuma ya bar ginin: idan yana kan diski ɗaya da rumbun, ko a ɗaki ɗaya, gobara ko ɓarawo ko wutar da ta dawo da ƙarfi za su tafi da su tare. Idan bayanan mutane ne, rufe shi da `gpg` kafin ya fita, mabuɗin kuma a ajiye shi wani wuri da ba sabar ba.

Mataki na biyar: maido da shi

Manomi ba ya tsayawa daga waje ya ce rumbunsa cike yake, yakan buɗe ya zura hannu ya ji ko gara ta shiga. Samu wata na'ura da ba ta da hanyar kaiwa ga sabar aiki. Fara da zuba masu amfani da `pg_dumpall --globals-only` ya ɗauka, sannan:

```
createdb -T template0 -E UTF8 gwaji
pg_restore --exit-on-error -d gwaji rumbu-2025-01-15.dump
```

Idan rubutun SQL ne, `psql -v ON_ERROR_STOP=1 -f`, domin in ba haka ba `psql` zai tsallake kurakurai ya kai ƙarshe ya ba ka sifili. Idan ka ga `unsupported version (1.15) in file header`, `pg_restore` ɗinka ya girmi shirin da ya ɗauki kwafin, shi shirin kuwa na siga 16 ne. Idan ka ga ƙorafi kan `transaction_timeout`, kwafin na `pg_dump` 17 ne kake zubawa a tsohuwar saba. Idan ya ce wani `extension` babu shi, kamar PostGIS, sai ka girka shi a na'urar tukuna, tunda kwafin sunansa kawai yake ɗauke da shi.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. Idan sabon rumbun an ƙirƙire shi da LATIN1 ko WIN1252, zai tsaya a kan sunaye irin Ɗanladi da Ƙofar Mata, ya ce `character with byte sequence 0xc6 0x98 in encoding "UTF8" has no equivalent`. Waɗannan bayit biyu harafin Ƙ ne. Tsarukan nan ba su da gurbin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, shi ya sa na sa `-E UTF8` a sama. Bayan maidowa, nemi wani suna mai harafi mai lanƙwasa ka kalle shi da idonka.

Daga nan ƙirga layukan manyan tebura ka kwatanta da na sabar aiki, nemi shigarwa mafi sabunta ka ga ƙarfe nawa ta tsaya, gudanar da `ANALYZE` don binciken rumbun ya dawo da saurinsa, sannan ka haɗa manhajar da shi ka shiga kamar ma'aikaci. Riƙe agogo tun daga farko. Idan maidowar ta ci sa'o'i huɗu, maigida ya san haka yau, ya kuma san cewa kwafin dare ɗaya yana nufin za a iya rasa aikin yini guda. Idan ya ce ba zai iya jure wannan ba, lokaci ya yi da za a koma ga `pg_basebackup` da ajiye fayilolin WAL, ko manhaja irin pgBackRest ko Barman, waɗanda ke iya mayar da rumbu zuwa wani minti da ka zaɓa.

A asibitin nan mun sa ranar Asabar ta farkon kowane wata. Yaron yakan ɗauko kwafin daren Juma'a ya zuba a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinsa, ya nemo katin mara lafiya na ƙarshe da aka yi wa rajista, ya rubuta lambar katin da mintunan da aikin ya ci a wani littafi mai bangon shuɗi. A wata na uku ya kira ni, ya ce maidowar ta tsaya a kan wani matsayi da babu shi. Masu manhajar sun ƙara sabon mai amfani, mu kuma sau ɗaya muka taɓa ɗaukar `--globals-only`, da hannu. Muka ƙara layin a sikirif ɗin da yammacin ranar, ya sake gwadawa, ya wuce.